Kafintan gadaje da ya haɗa mini jirgin tsere: abin da na gani a wani shago bayan 'Yan Katako

Shagon da zan yi bayani a kansa ba na ƙera jirage ba ne, kuma mai shi bai taɓa iƙirarin cewa ya san aikin ruwa ba. Kafinta ne na gadaje da kujeru da durowoyi, yana aiki a wani lungu da ke bayan kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a nan Kano, da yara uku, da injin yankan katako guda ɗaya, da ƙaramin janareta da ya fi yawan hayaƙi a kan wuta. A watan Disamba na kai masa zanen wani ƙaramin jirgin ruwa na tsere wanda na zana da hannuna a gida, sai a ƙarshen Afrilu na karɓi jirgin, kuma tun daga lokacin abokai da dama suke tambayata ko su ma za su iya kai masa irin wannan aiki. Amsata ita ce e, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka sa na ga ya dace in rubuta bayanin dalla-dalla.

Ni malamin zanen fasaha ne a makarantar sakandare, kuma sha'awar jirage ta shige ni ne tun lokacin da na yi bautar ƙasa a yankin Neja Delta, inda jirgi mai inji yake matsayin motar haya. Abin da na zana jirgi ne na mutum ɗaya, tsawonsa ƙafa 10, faɗinsa ƙafa 4 a wajen baya, wanda zai ɗauki inji mai ƙarfin doki 15. A Turai akwai ajin tsere da ake kira GT15 a ƙarƙashin hukumar UIM mai kula da tseren jirage masu inji, inda matasa suke fafatawa da injuna masu wannan ƙarfi, kuma ko da yake ban bi ƙa'idojinsu wajen zanen ba, daga nan na ɗauko tunanin girman jirgin. Bambancinsa da kwalekwale shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Kwalekwale yana tsaga ruwa ne ya wuce ta cikinsa, shi kuwa jirgin tsere idan ya samu gudu sai ya ɗago ya hau saman ruwan yana sulɓi a kan ɓangaren bayan ƙasansa kaɗai. Saboda haka abu biyu ne ba ya yafewa: nauyi, da kuma karkata ko lotsawa a wannan ɓangare na baya. Kafintoci uku na fara kai wa zanen suka ƙi karɓa, ɗaya daga cikinsu ma ya ce in tafi Yawuri. Ya faɗi gaskiya cewa a can masu sana'ar suke, sai dai jiragen da ake haɗawa a bakin kogin Kwara na katako ne mai kauri da ƙusoshi, an yi su don ɗaukar buhuna da fasinjoji, kuma ba wannan nake nema ba.

Wannan kafinta na huɗu ya daɗe yana duban takardun kafin ya ce uffan. Da ya ɗago sai ya tambaye ni, "Malam, wa zai shiga cikinsa?" Na ce ni. Ya ce, "Ka iya ruwa?" Na ce na iya. Sai ya ce to zai karɓi aikin, amma ba zai sa zarto a kan katako mai tsada ba sai ya fara yin jirgin da kwali, domin haka yake yi wa duk wata fuskar gado mai lanƙwasa kafin ya yanka. A raina na ɗan ji haushi, don na shafe makonni ina aunawa da sake aunawa, kuma shekara da shekaru ina koyar da yara wannan fanni, amma na yi shiru na bar shi.

Wannan kwali shi ne aiki mafi daraja da shagon ya yi mini. Ya samo kwalin firiji, ya sa na rage masa awon zuwa kashi ɗaya cikin biyar, ya yanka ƙasan jirgin da gefunansa biyu da allon baya, sannan ya fara haɗa su da salatef tun daga baya zuwa goshi. Komai ya zauna daidai har aka wuce tsakiya, amma da aka iso inda gefen yake lanƙwasawa ya nufi goshi sai kwalin gefen ya ƙare kafin na ƙasa, ya bar giɓi kamar faɗin farce. Ya sa yatsa a wurin, ya dube ni ya ce, "Malam, a takarda hanya miƙaƙƙiya ce, amma katako sai ya zagaya." Nan take na gane kuskurena. Na ɗauki tsawon gefen daga hoton jirgin kamar yadda ake ganinsa daga gefe, na manta cewa allon da zai lanƙwasa ya fi inuwarsa tsawo. A jirgin gaskiya wannan giɓi zai kai santimita 3, kuma da an riga an yanka, da falle biyu na filawud da na yi odarsu daga Legas sun tashi a banza. Bai yi mini dariya ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Ya dai liƙa ƙarin kwali, ya gyara layin da fensir, ya ce in koma gida in sake zanen daga jikin kwalin. Duk wanda ya zana jirgi a gida ya kamata ya nemi mutumin da zai yi masa wannan gardama, domin mai zane ba ya ganin laifin zanensa.

A wajen sayen kaya ma ya tsamo ni daga wani rami. Littattafai suna cewa a yi amfani da filawud na ruwa, ni kuwa da na shiga kasuwa na ambaci haka sai kowane ɗan kasuwa ya nuna mini wani baƙin allo mai sheƙi da suke kira marin bod, sunan ma kaɗai ya isa ya ruɗi mutum. Kafintan ya ce in bar shi, wannan na magina ne, da shi ake yin akwatin zuba kankare idan za a yi dakin, wato rufin siminti, an lulluɓe fuskarsa ne musamman don kada siminti ya kama shi, abin da kuwa siminti bai kama ba gam ma ba zai kama shi ba. Ga shi kuma kaurinsa yakan kai milimita 18, nauyin da zai hana ƙaramin jirgi ɗagowa. Filawud na gaskiya da ake gina jirage da shi yana ɗauke da hatimin BS 1088, ma'aunin da Ingila ta kafa, yawanci ana yinsa da itacen okume na ƙasar Gabon, ba shi da rami a tsakanin yaduddukansa, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi ba ya saki ko an tafasa shi. Ban same shi a Kano ba, sai da na aika Legas aka sa mini falle huɗu masu kaurin milimita 6 da guda mai milimita 9 a motar kaya. Abin takaici ne idan aka tuna cewa a da garin Sapele yana da babbar masana'antar katako da filawud da ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. Da kayan suka iso na yanki guntu daga kowane falle na tafasa a tukunya na tsawon awa uku, na shanya, na sake tafasawa, babu wanda ya ɓare. Na sa guntun filawud na kasuwa a tukunyar don kwatance, kafin awa guda ya buɗe kamar littafin da ruwan sama ya daka. Uwargida dai ba ta yafe mini tukunyar ba har yau.

Katakon haƙarƙari da na ƙashin baya shi na bar wa zaɓi, kuma a nan babu abin da zan koya masa. Ya ƙi obeche duk da rashin nauyinsa, ya ce yana da laushi, ba ya riƙe sukuru, kuma ruwa yana saurin cin sa. Ya zaɓi maɗaci mai miƙaƙƙiyar tsaga, yana ɗaga kowane sanda yana leƙa tsawonsa da ido ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Bai yarda a taɓa shi ba sai da ya jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani na mako uku, domin katakon da ake kawowa Kano daga kudu yakan zo da danshi, idan iskar hunturu ta buge shi sai ya tsuke ya murɗe, kuma gara ya gama murɗewarsa a ƙasa da ya yi ta a jikin jirgi.

Fallen filawud tsawonsa ƙafa 8 ne, jirgin kuwa ƙafa 10, saboda haka dole a yi ƙari. Shi ya so ya haɗa baki da baki ya ɗora wani allo a baya, yadda ake yi a bayan durowa. Na nuna masa ɗaya hanyar, wadda ake fere bakin kowane falle a kwance har faɗin ferewar ya ninka kaurin sau takwas, wato milimita 48 ga allo mai milimita 6, sannan a ɗora ɗaya a kan ɗaya da gam, ta yadda wurin zai lanƙwasa tare da sauran allon ba tare da ƙulli ba. Sau ɗaya na yi masa bayani. Ya jera falle biyu kamar matakala, ya fere su tare da hannu, har layukan yaduddukan suka fito a miƙe kamar layin littafin rubutu, wanda shi ne alamar cewa ferewar ta yi daidai. Yau idan na shafa gefen jirgin ba na iya gano inda ƙarin yake. Bayan haka aka huda ƙananan ramuka a bakin allunan aka ɗinke su da wayar tagulla da muka saya wurin masu naɗin koyil ɗin fanka, cikin yini guda sai ga siffar jirgi ta tsaya a tsakiyar shago, masu wucewa suna tsayawa kallo.

Daga nan ne ƙorafina ya fara, kuma mafi girmansa a kan ifoksi ne, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa a cike kusurwoyin da shi, a shimfiɗa ƙyallen gilashi (yadin da aka saƙa da zaren gilashi) a kai, sannan a shafe jirgin gaba ɗaya don kada ruwa ya taɓa katakon. Wanda na saya ana haɗa shi ne kashi biyu da kashi ɗaya, na rubuta haka a jikin bango da alli, na kuma kawo kofunan awo. Matsalar ita ce mutanen shagon sun saba da filar da masu gyaran jikin mota suke amfani da ita, wadda idan aka ƙara mata maganin daskarewa sai ta yi saurin bushewa, don haka suka ɗauka wannan ma haka yake. Ifoksi ba ya aiki a kan wannan ƙa'ida. Ruwan biyu suna cin juna ne a bisa ƙayyadadden awo, duk abin da ya yi rara ba ya samun abokin haɗuwa, sai ya zauna a ciki ya bar gam ɗin da laushi har abada. Wata ranar Talata da ban samu zuwa ba, babban yaron shagon ya haɗa shi da ido, ya ƙara na biyun don aikin ya yi sauri, ya cike kusurwar hagu tun daga baya har tsakiya. Bayan kwana uku na danna wurin da farce sai ya shige kamar cingam. Babu magani sai kankarewa. Yini biyu aka yi ana kankare shi, aka rasa kusan lita guda na gam ɗin da ba a sayar da shi a unguwa, ga ƙyallen gilashin da aka yar. Maigidan ya amsa laifin ba tare da jan magana ba, ya ce, "Malam, laifina ne da na bar shi shi kaɗai," bai kuma caje ni ladan gyaran ba, amma kuɗin gam ɗin daga aljihuna ya fita.

Karo na biyu zafi ne ya yi mana illa, kuma a nan laifin namu ne mu duka. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ifoksi kuwa yana fitar da nasa zafin yayin da yake daskarewa, kuma idan ya taru da yawa a kofi mai zurfi sai zafin ya riƙa ƙara wa kansa sauri. Da azahar aka haɗa rabin lita a gwangwanin madara, kafin a shafa kashi ɗaya cikin uku gwangwanin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ya fara hayaƙi, cikin 'yan mintoci ya zama dutse da burushin a cikinsa. Daga ranar muka koma haɗawa kaɗan-kaɗan bayan sallar asuba, ana juye shi a faranti mai faɗi. Na kuma sha fama kafin su yarda su sa safar hannu da takunkumi. Su a ganinsu gam gam ne, alhali wannan yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburin fata ga wanda yake yawan taɓa shi, ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu.

Sai maganar ƙusa. Hannun kafinta ya saba da guduma, kuma sau biyu na tarar an kafa ƙusoshin ƙarfe don riƙe sanda kafin gam ya kama, aka bar su a ciki. A kujera wannan ba komai ba ne, a jirgi kuwa tsatsa ce ke jiran danshi. Na sa an zare su aka cike ramukan, inda ya zama dole a bar wani abu muka sa sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Alƙawarin mako shida aka yi mini, aikin ya ci fiye da wata huɗu. Wani ɓangare na jinkirin ba nasa ba ne, domin jiran kaya daga Legas da yawan ɗaukewar wuta sun ci kwanaki, amma mafi yawansa ya faru ne saboda an shiga lokacin bukukuwa kafin azumi, kuma kayan ɗakin amarya ba sa jira, jirgin malamin makaranta kuwa yana iya jira. Na fahimci dalilinsa, don da gadajen yake ciyar da iyalinsa, amma da ya faɗa mini tun farko da na shirya wa hakan, maimakon "jibi in Allah Ya yarda" da na ji har na haddace. Wannan jinkiri kuma shi ya haifar da lahanin da ya fi ba ni wahalar ganowa. Da wuri ya yi musu ƙaranci sai suka kife jirgin a gefe, tun ba a gama sa masa sandunan ƙarfafa ƙasa ba, suka riƙa jibga fuskokin gadaje a kansa na tsawon makonni, ni kuma ban ga aibun hakan ba a lokacin.

Kafin in zo ga sakamakon wannan, akwai wani wuri da ya sake fin zanena gaskiya. Injin da na saya Yamaha ne na hannu, mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya masa fetur da man inji kuma masunta suka saba da shi. A zanena na sa tsayin allon baya inci 15, awon da aka saba ambata ga inji mai gajeriyar ƙafa. Ya ce ba zai yanka ba sai an kawo injin ya auna da kansa. Da aka kawo, sai ya tarar daga maƙalinsa zuwa farantin da ke saman farfela ya kusa inci 17, kuma tunda ana so wannan faranti ya yi daidai da ƙasan jirgi, da an bi zanena da ƙafar injin ta nutse fiye da kima tana jan ruwa. Ya ninka filawud mai milimita 9 gida uku ya yi allon, ya tokare shi da gwiwoyin maɗaci, domin injin ya haura kilo 35 kuma duk turinsa a kan wannan allo yake sauka. Ya kuma toshe goshin jirgin da gefunan mazauni suka zama ɗakunan iska, muka cusa musu robobin ruwa marasa komai da murafunsu a ɗaure, bisa lissafin cewa kowace lita ta iska tana ɗaukar kusan kilo guda a ruwa. Fenti kuwa maƙwabcinsa mai fesa motoci ne ya yi, domin rana tana lalata ifoksin da aka bari a buɗe, kuma ya yi kyau daidai gwargwado, in ban da 'yar ƙurar da babu fentin Kano da yake tsira daga gare ta.

A bayan a-kori-kura muka ɗora shi muka kama hanyar Zariya zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Kafin mu sauke sai da muka gaisa da masuntan wurin muka nemi izini, suka nuna mana inda tarunansu suke da inda duwatsu suke a ƙarƙashin ruwa, suka kuma ba mu mutum biyu da kwalekwale su tsaya a kusa. Na sa rigar ceto, na ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu, wadda take tsayar da shi nan take idan matuƙi ya faɗa ruwa. Ba na ganin wani ɗan Kano zai kira wannan tsoro bayan abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari ya halaka aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Jirgin bai sha ruwa ko ɗigo ba, kuma wannan shaida ce ga hannun kafintan. Amma da na buɗe wuta sai na ji wani abu ba daidai ba. Ya ɗago, sai dai goshinsa yana neman dannawa ƙasa kamar akwai mai tura shi daga baya, ruwa yana fantsamo mini a fuska, kuma da na ɗan juya sai ya cafki kwanar da ƙarfin da ya kusa jefar da ni. Wayata ta nuna gudun kilomita 29 a awa, ƙasa da abin da na zata. Na canja ramin jinginar inji, na matsa da zamana baya, duk bai canja komai ba. Washegari a shago muka kife shi, kafintan ya ɗora doguwar sandar alminiyom a kan mita ɗaya na ƙarshen ƙasan, ya durƙusa ya leƙa, sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinta. Wurin ya lotsa ciki da kusan milimita 4, daidai inda aka riƙa ɗora gadajen. Lotsawa irin wannan tana sa ruwan da ke fita ta baya ya ɗaga gindin jirgi, goshi kuma ya sunkuya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira yaran ya nuna musu hasken ɗaya bayan ɗaya. Shi da kansa ya goge fentin wurin, ya kwaɓa ifoksi da garin katako mai laushi, wannan karon da kofin awo, ya cike, ya liƙa samfefa a jikin dogon katako ya yi ta gogewa har kwana uku, yana gwadawa da sandar, sai da hasken ya ɓace. A gwaji na biyu jirgin ya ɗago cikin sauƙi, ya zauna a kan bayansa, ya kai kilomita 38 a awa, kuma yana shan kwana ba tare da fisga ba.

Ladan aikin da ya nema bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe gaba ɗaya ba. Injin shi ya cinye mafi yawa, sai ifoksi da filawud da kuɗin motar da ta kawo su. Idan na duba kwanakin da ya sa a ciki, har da gyare-gyaren da bai caje ni ba, ina ganin ya yi mini rangwame, ko kuma bai san girman aikin ba lokacin da ya yanke farashi. Wanda yake son kai masa irin wannan aiki ya sayi filawud da gam da kansa, ya kasance a wurin duk ranar da za a haɗa ifoksi, ya kauce wa watannin bukukuwa, kuma ya nemi a ware wa jirgin wurin da ba za a ɗora masa komai ba. Wanda kuma ba shi da lokacin zuwa shago sau uku ko huɗu a mako, ko yake zaton zai miƙa takarda ya dawo ya karɓi jirgi, ban ba shi shawarar zuwa ba, domin abin da shagon yake da shi hannu ne da ido da kuma karɓar gyara, sanin abin da ruwa yake yi wa katako kuwa mai aikin ne zai zo da shi.

Bayan fita ta biyar na lura da wata siririyar tsaga a fentin da ke kusa da gwiwar dama ta allon baya. Na kira shi, ya zo gida da yamma a kan babur, ya kankare wurin ya ga katakon lafiya lau, amma ya ce zai ƙara ƙyallen gilashi a kusurwar kafin in sake fita, mun kuma tsayar da ranar Asabar. Kwalin da ya fara yi yana rataye a bangon shagonsa, da ƙarin da ya liƙa a goshi. Na gayyace shi Tiga sau biyu, ya je sau ɗaya, ya tsaya a bakin ruwa da takalmansa a hannu yana kallo, da na matso na ce ya shiga in zagaya da shi sai ya girgiza kai ya ce shi bai iya ruwa ba.